Motar da ba ta durƙusawa ko an cika ta da shinkafa

A Augie, idan shinkafar rani ta zo gida, ba sai an tambayi direba ko motarsa ta ƙoshi ba. Ana jibga buhuna bayanta na sauka, har sifirin ya miƙe sambal. Sai dai cikin manyan motocin da ke jigilar shanshera zuwa masana'antu irin su WACOT ta Argungu, wadda aka buɗe a 2017, ko Labana ta Birnin Kebbi, akwai DAF da MAN 'yan Turai waɗanda ko an yi musu lodi tsayinsu na nan yadda yake. A kan iska suke zaune.

Maimakon sifirin na ƙarfe, jakunkunan roba masu kauri ne, da ake kira balan-balan, tsakanin gangar motar da ƙarfen da ke riƙe da tayoyi. Kwamfuresar da ke ba birki iska ita ke tara musu tasu a tanki. Dabarar tana wajen wani ɗan bawul mai hannu, an ɗaure shi a jikin gangar, hannun kuma an haɗa shi da ƙarfen tayoyin. Kaya suka danna motar, tazarar ta ragu, sai hannun ya ɗago, bawul ya buɗe, iska ta shiga balan-balan har motar ta koma tsayinta, sannan ya rufe. In aka sauke kaya, hannun ya yi ƙasa, iskar da ta yi yawa ta fice; shi ne hucin nan da ake ji. Akan sa masa ɗan jinkiri da gangan, don kada kowane ramin hanya ya sa shi ɓarnar iska.

A sababbin motoci na'urar auna tsayi da kwamfuta ke wannan aiki, kamar tsarin ECAS na kamfanin WABCO, har direba kan ɗaga bayan motar ko ya sauke shi da rimot. Fasahar kuwa tsohuwa ce: bas-bas na General Motors a Amurka sun hau iska tun 1953, Range Rover ta bi sahu a 1992.

Ƙasarmu ba ta raga wa roba. Zafin Afrilu da kan wuce digiri 40 yana tsattsaga ta, ƙurar hunturu na goge ta, damina kuma ta tara ruwa a tanki in ba a tsiyaye shi. Jif ɗin da ta kwana a tsaye ta wayi gari a durƙushe, yoyo take yi, kuma ruwan sabulu kan tona wurin. Aka ƙyale shi, kwamfuresa ta yi ta aiki har ta ƙone. Shi ya sa makanikai da dama ke cire komai su mayar da sifirin.

Abin da ya fi damuna shi ne lodi. Tunda motar ba ta sunkuyawa, mai kaya kan ce a ƙara, ai ba ta ji ba. Ta ji mana. Tsayi kawai balan-balan ke gyarawa. Nauyin na nan a kan tayoyi da birki da kwaltar Argungu zuwa Birnin Kebbi. Matsin iskar da ke ciki yana hawa daidai da nauyin kaya, don haka motoci da yawa ke nuna nauyin a allon gaban direba, in dai ba a tsinke wayar ba.