Yadda gansakuka ke yanke wa jariran murjani hukuncin rayuwa a ƙarƙashin teku

Sau ɗaya a shekara, 'yan kwanaki bayan wata ya cika a Oktoba ko Nuwamba, tekun da ke gaɓar jihar Queensland ta Ostireliya yakan cika cikin dare da ƙananan ƙwallaye masu launin ruwan hoda suna tasowa sama. Murjani ne ke sakin ƙwai da maniyyi a lokaci guda, a Great Barrier Reef, jerin tuddan murjani mafi girma a duniya, mai tsawon kusan kilomita 2,300. Masu bincike na Jami'ar James Cook ne suka fara gano wannan haihuwa ta bai ɗaya a 1981.

Ƙwan da ya haɗu da maniyyi yakan zama ɗan jariri wanda bai kai ƙwayar gero ba. Yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, ruwa na yawo da shi, sannan ya sauka ƙasa neman wurin zama. Da zarar ya manne da dutse ya sauya siffa, ya zauna ke nan har mutuwa. Abin da ya fi tasiri a kan wannan zaɓi, kamar yadda bincike na shekaru ya nuna, shi ne irin gansakukar da jaririn ya tarar a kan dutsen.

Dabba ce mai gina dutse

Murjanin da mata ke sawa a wuya ana samun asalinsa ne daga wani jan nau'i da ya fi yawa a tekun Bahar Rum. Wanda ke gina tuddai ɗan uwansa ne da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi marar zurfi. Ƙananan dabbobi ne masu taushi da ke zaune dubbai a wuri guda, kowacce tana gina wa kanta ƙoƙo da sinadarin alli. Ƙoƙunan da suka taru shekara da shekaru su ne tudun.

Tuddan ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nau'o'in halittun teku sun dogara da su. Suna ciyar da masunta, suna kuma karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa garuruwan gaɓa. Idan guguwa ko zafin ruwa suka kashe manyan murjani, tudun na farfaɗowa ne idan sabbin jarirai sun samu wurin zama.

Gansakukar da ke kira

A teku akwai wata gansakuka da ba ta yi kama da koren yauƙin da aka saba gani a kududdufi ba. Tauri gare ta, launinta ja-ja ne ko ruwan hoda, kuma takan shafe dutse kamar fenti. Ita ma tana tara sinadarin alli a jikinta, shi ya sa take haɗe ɓaraguzan tudu kamar siminti.

A 1988 Daniel Morse na Jami'ar California da ke Santa Barbara da abokan aikinsa suka nuna cewa jariran wani murjani na tekun Karebiyan mai suna Agaricia sukan ci gaba da iyo har sai sun taɓa irin wannan gansakuka, sannan su manne. Daga baya an ga haka a nau'o'i da dama na Ostireliya. Jaririn ba shi da ido, sai dai yana jin sinadarai, kuma yakan bi dutse yana dungurinsa da kai kamar mai ɗanɗano.

Wani ɓangare na kiran daga gansakukar kanta yake fitowa, wani kuma daga ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a bayanta. A 2011 masu bincike a Ostireliya sun ware wani sinadari da bakteriyar Pseudoalteromonas ke fitarwa, wanda ke sa jariri ya fara sauya siffa.

Wannan gansakuka ta fi yaɗuwa a inda haske ke isa, laka ba ta taruwa, kuma kifaye na share dutse a kai a kai. Irin wurin da ƙaramin murjani ke buƙata ke nan, don haka kasancewarta alama ce ta wuri mai kyau.

Sai dai ba kowace irinta ce amintacciya ba. Wani bincike da aka wallafa a 2004 ya gwada nau'o'i biyar a Great Barrier Reef, ya gano cewa jarirai sun fi zaɓar wadda ake kira Titanoderma, kuma a kanta suka fi rayuwa. Wasu nau'o'in sukan yi saɓa su zubar da fatarsu ta waje tare da duk abin da ya manne mata, har da jaririn murjani.

Gansakukar da ke kora

Ɗaya ɓangaren shi ne gansakuka mai laushi da ganye, wadda ke tsiro kamar ciyawa. Idan ta yi yawa takan mamaye filin da jariri zai sauka, ta tare masa haske, ta riƙe laka, kuma igiyar ruwa ta riƙa kaɗa ta tana goge shi. Wasu nau'o'in suna fitar da guba. Gwajin da aka yi a tsibiran Florida Keys na Amurka, wanda aka wallafa a 2006, ya nuna cewa jariran murjani suna guje wa wasu daga cikinsu ko su mutu a kusa da su.

Abin da ke hana wannan ciyawa rinjaye shi ne masu kiwonta: kifaye irin su wanda bakinsa ke kama da na aku, da kuma bushiyar teku, wata dabba mai dogayen ƙayoyi.

Jamaika ta ga abin da ke faruwa idan suka ɓace. An daɗe ana kama kifi fiye da kima a gaɓarta, har kiwon gansakuka ya koma kan wata baƙar bushiyar teku mai suna Diadema. Guguwar Allen ta farfasa murjani a 1980. Tsakanin 1983 da 1984 kuma wata annoba ta kashe sama da kashi 90 cikin 100 na wannan bushiya a faɗin Karebiyan. Binciken da Terry Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna cewa murjani ya ragu daga sama da kashi 50 cikin 100 na fuskar tuddan zuwa ƙasa da kashi biyar, ciyawar kuma ta tashi daga kashi huɗu zuwa 92.

Da bushiyar ta fara dawowa a wasu wurare na arewacin tsibirin a ƙarshen shekarun 1990, ciyawar ta ragu a can, kuma an ƙirga ƙananan murjani ninkin-ba-ninkin fiye da wuraren da ba ta koma ba. A 2022 wata annobar ta sake afka mata.

Abin da ake yi

Ɗumamar teku ta ƙara wa lamarin nauyi. Bayan zafin ruwa ya kashe ɗimbin manyan murjani a Great Barrier Reef a 2016 da 2017, adadin sabbin jariran da suka zauna a 2018 ya faɗi da kashi 89 cikin 100 idan aka kwatanta da shekarun baya. Ga kuma iskar kabon da teku ke sha, wadda ke ƙara wa ruwa tsami. Gwaje-gwaje sun nuna cewa hakan na raunana gansakuka mai tauri.

Farfesa Peter Harrison na Jami'ar Southern Cross ya jagoranci wata dabara a Filifin da Ostireliya: a kwashi ƙwai a daren haihuwa, a rene su a cikin raga, sannan a saki jariran a kan tudun da ya lalace. A wasu cibiyoyin bincike kuma ana jiƙa ƙananan tubala a ruwan teku har jar gansakuka ta shafe su, a bar jarirai su manne, sannan a kai su teku.

Amma jaririn da aka rena da hannu ma zai tarar da abin da ke kan dutsen. Wannan ne ya sa ƙasar Belize ta haramta kama kifi mai bakin aku a 2009, kuma masana ke matsa wa gwamnatoci su rage takin zamani da ruwan ƙazanta da ke kwarara teku suna ciyar da ciyawar. A kan tudun da aka bar wa kifayensa, jar gansakuka kan samu fili, jaririn da ya sauko kuma ya samu inda zai manne.