3.4 Ɗumama Injin Dizal da Barinsa a Silo

3.4.1 Shimfiɗa

A wannan sashe za a yi bayani a kan wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a tsakanin direbobin manyan motoci, wato tayar da inji a bar shi yana aiki alhali mota na tsaye. Direbobi da makanikai na kiran wannan yanayi "silo". Duk wanda ya bi ta Tafa ko Mararrabar Jos da asuba zai tarar da tireloli da tankoki a jere suna ruri. Za a duba dalilin yin haka, da inda yake da amfani, da kuma inda ya zama ɓarna.

3.4.2 Yadda Injin Dizal Ke Kamawa

Injin dizal ya samo sunansa ne daga Rudolf Diesel, Bajamushen da ya kammala ƙera irinsa mai aiki sosai a shekarar 1897. Bambancinsa da injin fetur shi ne ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Fistin ne ke matse iska a cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salshiyas, sannan nozul ya fesa man dizal, wanda direbobi ke kira "gas", sai ya kama da kansa. Ke nan zafi shi ne jigon aikin. Idan ƙarfen injin ya kwana cikin sanyi, sai ya zuƙe wani ɓangare na zafin, man ya kasa ƙonewa duka. Wannan ne ke jawo farin hayaƙi da karkarwar inji da sassafe, musamman lokacin hunturu a wurare irin su Jos. Shi ya sa ake sa wa ƙananan injuna da dama "hita", wadda ke ɗumama silinda kafin a tayar.

3.4.3 Amfanin Ɗumamawa

Da farko, idan mota ta kwana, baƙin mai kan koma ƙasan inji ya yi kauri, don haka yana buƙatar ɗan lokaci kafin famfo ya kai shi ko'ina. Taka totur da ƙarfi kafin nan na sa ƙarfe ya goga ƙarfe. Na biyu, manyan motoci na amfani da birkin iska, kuma inji ne ke juya na'urar da ke cika tankin iskar. Idan iskar ba ta cika ba, birkin tsayuwa ba zai saki ba. Na uku, bayan doguwar tafiya da kaya, injin da ke da turbo na buƙatar mintuna kaɗan a silo kafin a kashe, domin baƙin mai ya kwashe zafin da ya taru. Duk waɗannan buƙatu na ɗan lokaci ne, galibi minti uku zuwa biyar.

3.4.4 Illar Daɗewa a Silo

Injin dizal na aiki daidai ne idan zafin ruwansa ya kai kimanin digiri 80 zuwa 95. A silo kuwa mai kaɗan yake ƙonawa, saboda haka yakan daɗe bai kai wannan zafi ba. Man da bai ƙone ba yakan wanke bangon silinda, ya zurara ta gefen ringi ya tsinka baƙin mai, sannan baƙin toka ya taru a bakin nozul. Ashe ke nan garin neman gira ana iya rasa ido.

Bugu da ƙari, babbar mota na shan kusan lita uku a kowace awa a silo. Idan aka bar ta awa takwas, an ƙona wajen lita 24 ba tare da taya ta juya ba. Haka kuma akwai batun lafiya. A shekarar 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke haddasa dajin huhu. Yaran mota masu kwana a ƙarƙashin tirela da masu sayar da abinci a tasha su ne suka fi shaƙarsa.

3.4.5 Dalilin Ɗorewar Ɗabi'ar

An gaji wannan ɗabi'a ne daga zamanin tsofaffin motoci irin su Marsandi 911, lokacin da ake amfani da baƙin mai mai kauri ɗaya. Yaron mota ya koya daga maigidansa, shi ma ya koya wa na baya. Wani direban kuma batirinsa ne ya yi sanyi, yana tsoron in ya kashe ba za ta tashi ba. Maganin wannan canza batir ne, domin kuɗin man da ake ƙonawa a hankali zai zarce kuɗinsa.

3.4.6 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ɗumama inji wajibi ne, amma yana da iyaka. Da zarar fitilar baƙin mai ta mutu, iskar birki ta cika, abin da ya fi shi ne direba ya ja mota a hankali, domin tafiya da nauyi ce ke ɗumama injin dizal da sauri.