Kiran Sallar Asuba a Birnin Minneapolis

Wanda ya tashi a Kano ko Zinder bai taɓa tunanin ladan na buƙatar izinin hukuma kafin ya ɗaga murya ba. A Minneapolis, babban birni a jihar Minnesota ta Amurka, sai da aka gyara doka.

Yawancin Musulmin birnin 'yan Somaliya ne da yaƙin basasa ya koro tun daga 1991, suka taru a unguwar Cedar-Riverside. Shekara da shekaru a cikin ɗaki suke kiran salla. Sai a azumin 2020, lokacin da korona ta rufe masallatai, hukumar birni ta yarda masallacin Dar al-Hijrah ya kafa lasifika a kan rufinsa. A 2022 aka buɗe wa sauran masallatai ƙofa, amma daga bakwai na safe zuwa goma na dare kawai, domin haka dokar hana hayaniya ta tanada. Ke nan babu asuba, kuma da bazara, da rana ke jinkirin faɗuwa a can, babu isha'i.

A nan ne maganar ta yi nauyi. Kiran azahar ba ya damun kowa. Motoci ma sun fi shi ƙara. Amma asubar bazara a Minneapolis kan faɗo tun kafin ƙarfe huɗu, lokacin da maƙwabci Kirista yake tsakiyar barci, ga aiki na jiransa da safe. A ganina, wanda ya yarda da wannan ya ba da abin da ya fi gaisuwar salla da ziyarar buɗa-baki tsada, domin daga barcinsa ya yanka ya bayar. A Afrilun 2023 majalisar birni ta kaɗa ƙuri'a kan buƙatar a bari a yi kiran salla da lasifika a kowane lokacin salla, 12 suka amince, babu ko ɗaya da ya ƙi, bayan malaman coci da na Yahudawa sun fito sun mara wa buƙatar baya. Magajin gari Jacob Frey, wanda shi kansa Bayahude ne, ya je har Dar al-Hijrah ya sa hannu.

Ba su ne farau ba. Garin Hamtramck na jihar Michigan, da aka sani da Katolika 'yan asalin Poland, ya yi wannan muhawara tun 2004, har ta kai ga ƙuri'ar jama'a, masu goyon baya suka yi rinjaye. Sai dai Hamtramck ƙaramin gari ne.

Kada kuma a ɗauka gari ya zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. A 2017 an jefa bam a masallacin Dar Al-Farooq da ke Bloomington, dab da birnin. Kwanaki kaɗan bayan sa hannun Frey aka cinna wuta a masallatai biyu a Minneapolis, aka kama mutum ɗaya. Duk da haka majalisa ba ta janye dokar ba, masallatai kuma ba su sauke lasifika ba.