Kafin Ka Miƙa Wa Ƙaninka Waya: Awa Nawa Ya Kamata Yaro Ya Yi Yana Kallo?

A gidaje da yawa a Anka, Gummi da Bukkuyum, talabijin ɗin yaro ita ce wayar yayansa ko ta yayarsa. Wuta ba ta zama, man janareta ya yi tsada, amma waya kullum tana aljihu. Ko datse layukan sadarwa da aka yi a Zamfara a watan Satumban 2021 bai raba yara da kallo ba, domin yawancin finafinan a memori suke. A shagon caji masu turi ke cika shi, sannan a yaɗa ta Xender ba tare da data ba. Idan kai ne mai wayar, to kai ke yanke abin da yaran gidanku za su gani da tsawon lokacin da za su ɗauka suna kallo.

Awa nawa?

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na yara 'yan ƙasa da shekara 5. Jariri da ɗan shekara 1 kada a zaunar da su gaban talabijin ko waya sam. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallo ya wuce awa 1 a rana, in ya gaza haka ma ya fi. Hukumar ta kuma ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 4 na buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki kowace rana, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13.

Ga waɗanda suka shiga makaranta, lissafin mai sauƙi ne. Ware lokacin boko da Islamiyya, da barcin awa 9 zuwa 12, da aƙalla awa 1 ta guje-guje, da aikin gida. A cikin abin da ya rage ne kallo zai samu rabonsa.

Me ya sa aka tsananta wa ƙanana?

Saboda ƙaramin yaro daga bakin mutum yake koyon magana. A 2003, Farfesa Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington a Amurka ta gwada haka da jarirai 'yan wata 9. Wasu an zaunar da su da mutanen da ke yi musu Sinanci ido da ido har sau 12, wasu kuma aka kunna musu darasin a bidiyo. Na farkon sun koyi bambance sautukan harshen, na bidiyon kuwa ba su koyi komai ba. Waya ba ta jiran yaro ya ba ta amsa, ba ta kuma gyara masa kalma. Duk awar da ta ci, daga lokacin hira da uwa ko kaka ta cire.

Wane irin kallo?

Shirin da ya dace da yaro ba ya gaggawa, yana magana da harshen da yaron ke ji, yana kuma tambayarsa ya ƙirga ko ya maimaita. Akwai irinsu da Hausa, kamar Akili and Me na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, da Dandalin Sesame. Finafinan Indiya-Hausa masu faɗa da harbe-harbe kuwa don manya aka yi su, ko da kowa a tsakar gida yana dariyar fassarar.

Mafi haɗari a yankin nan shi ne bidiyon hare-hare, na gawarwaki da na 'yan bindiga suna nuna makamai, waɗanda ake turawa a gurup-gurup na WhatsApp da TikTok. Yaron da ya taɓa jin ƙarar bindiga da dare, ko iyayensa suka yi gudun hijira zuwa cikin garin Anka, ba ya kallon irin wannan a matsayin fim. Yana iya jawo masa firgita a barci da tsoron fita. Wani yaron kuma sai ya fara kwaikwayo da kara a kafaɗa. Matsalar ita ce WhatsApp kan sauke bidiyo da kansa ya jera su cikin hotunanka, kusa da katun ɗin da ka ajiye wa yaro.

Gyara wayarka

Na farko, shiga saitin WhatsApp, ɓangaren Storage and data, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Sannan a ɓangaren Chats ka kashe Media visibility.

Na biyu, nemi App pinning ko Screen pinning a saitin tsaro na Android. Yana kulle wayar a kan manhaja ɗaya, yaro ba zai iya fita ba sai da lambar sirrinka.

Na uku, a Digital Wellbeing za ka iya sa wa YouTube iyakar minti 30, da ya cika manhajar ta rufe kanta. Idan akwai data, YouTube Kids ta fi dacewa, ita ma tana da agogonta. TikTok kuwa dokarsa ta hana ɗan ƙasa da shekara 13 buɗe asusu.

Na huɗu, idan ka kai memori wajen mai turi, ka faɗi sunan abin da kake so, kada ka ce a cika kawai. Ka duba shi kafin ya shiga hannun yara, ka kuma ware musu nasu dabam.

Saiti kaɗai ba ya reno. Ka zauna ku kalla tare, ka tambayi yaro me ya gani, me ya sa wane ya yi kaza. A ajiye waya lokacin cin abinci da awa 1 kafin barci, har da taka, domin abin da babba ke yi shi ƙarami ke ɗauka. Ranar farko za a yi kuka. Ka daure, ka tura su langa ko carafke, da dare kuma a nemi kaka ta yi musu tatsuniya.