Kashin Shanun Gombe Zai Iya Dafa Tuwo

Duk ɗan Gombe da ke neman abinci a Ikko ko Badun ko Shagamu ya san irin saƙon da ke zuwa masa daga gida a ƙarshen wata. A da kuɗin hatsi da na makaranta ake tambaya. Yanzu an ƙara da kuɗin itace da gawayi, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, ya ja farashin makamashi duka. Gidaje da yawa da suka saba da tukunyar gas sun jingine ta sun koma murhu.

Garin Gombe kuwa ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Tun da ya zama hedkwatar jiha ranar 1 ga Oktoba, 1996, jama'a suke ta kwarara cikinsa, ana sare itatuwan kewaye ana kai wa kasuwa. Ƙasar garin mai rairayi ce, in babu saiwar da za ta riƙe ta sai ruwan damina ya yi ta zaizaye ta, shi ya sa kwazazzabai suka ci gidajen mutane a unguwanni da dama. Gwamnatin jihar ta fara shirin dashen itatuwa bayan ƙaurar garin zuwa Doma a 1919 da shekara ɗari cif, wato a 2019, amma dashe ba zai yi amfani ba muddin gatari yana gaba da shi.

To, ga wani makamashi nan zube a ƙofar gidajenmu muna tsallake shi. Shi ne kashin shanu, da toroson da mahauta ke zubarwa a kwata, da ruɓaɓɓen tumatir da kayan gwari da ake tarawa a bolar kasuwa.

Yadda abin yake shi ne, a gina rami mai rufi kamar tulu da bulo da siminti, yadda iska ba za ta shiga ba. A dama ɗanyen kashin shanu da ruwa, bokiti ɗaya na wannan bokiti ɗaya na wancan, a zuba ta wata kafa. Waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya, su ne za su ci wannan kunu su fitar da iska. Fiye da rabin iskar nan mai kamawa da wuta ce. Sai a ja ta da bututu zuwa madafi, a kunna ashana, ta ba da shuɗiyar wuta marar hayaƙi. Bayan 'yan makonnin farko, in ana zuba wa ramin abincinsa kullum, wuta ba ta yankewa. Kashin shanu 4 ko 5, kimanin kilo 50 a rana, ya isa girkin gida mai mutum 5 ko 6. Halittun nan zafi suke so, Gombe kuwa ba ta rasa shi ba, sai dai a lokacin hunturu iskar takan ragu.

Manomi zai ce, in na ba rami takina, me zan kai gona? Amsa ita ce taki ba ya ɓacewa. Abin da ke fita ta ɗaya kafar ramin taki ne wanda ya riga ya ruɓe, warinsa kaɗan ne, yawancin irin ciyawar da ke cikinsa kuma ya mutu. Ke nan an ci wuta an kuma ci taki. Wanda ke tunanin tsarki kuma, a mazhabar Malikiyya kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne, matuƙar ba ƙazanta take ci ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya. Ƙauyawan Indiya sun daɗe suna girki da shi, a ƙasar Sin kuwa an gina irin waɗannan ramuka miliyoyi a gidajen manoma. A nan gida ma cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wadda aka kafa a 1982, ta yi shekaru tana gwada shi. Haka kuma ɓuntun shinkafa da ɓawon gyaɗa da karan auduga, ana iya matse su a yi curi a ƙona maimakon gawayi.

Sai dai akwai wahaloli, kuma gara a faɗe su. Na farko ruwa: ramin yana shan ruwa kullum, alhali unguwanni da yawa a Gombe wajen 'yan garuwa suke saye, duk da ruwan da ake jawowa daga Dadin Kowa. Na biyu, shanun da ke yawon kiwo a daji ba a iya tara kashinsu, sai na turke. Na uku, gini yana son kuɗi da magini wanda ya ƙware, domin tsaga ɗaya ta isa ta zubar da iskar duka. Ba a zuba ruwan sabulu a ciki, ba a kuma shiga ramin da sunan gyara, domin iskarsa tana kisa.

Saboda haka inda ya fi dacewa a fara shi ne inda dabbobi da ruwa da baki masu ci suka haɗu: kwata, da gidajen masu kiwon turke, da makarantun kwana, da tsangayu inda almajirai ke ƙona kara da itace kowane dare.

A nan ne namu aikin yake. Ku da kuke sauke shanu a Oko-Oba ta Agege da kuma Badun kun fi kowa sanin yawan toroson da ake zubarwa kowace safiya. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari sun saba haɗa kuɗi su gina masallaci ko su haƙa rijiya a gida. In ƙungiya guda ta zauna da Sarkin Fawa da malaman Jami'ar Jihar Gombe ta gina rami ɗaya a makaranta ɗaya, ta kuma ɗauki nauyin wanda zai kula da shi, maƙwabta za su zo su ga wutar da idonsu. Mata za su huta da hayaƙin da ke cin idanunsu da ƙirjinsu, kuɗin itace kuma ya koma na littafi. Allah ya ba mu ikon yi, amin.