Ƙudiri Ɗaya, Magana Ɗaya

Yau daga nan Cheberu zan yi magana kan wani abu da kamar bai shafe mu ba, alhali shi ya buɗe wa matasa ƙofar takara: yadda ake ɗaure ƙudirin doka a majalisa.

Ka ɗauka ka je kasuwar Jega sayen shinkafa, mai kaya ya ce buhun nan akwai shinkafa da gero da tsakuwa, ko ka ɗauka duka ko ka bari duka. To haka ake yi wa ɗan majalisa idan aka cusa batutuwa goma cikin ƙudiri ɗaya. Ƙuri'arsa ɗaya ce, i ko a'a. Shi ya sa a Amurka jihohi fiye da 40 suka sa a tsarin mulkinsu cewa kowane ƙudiri ya tsaya kan batu ɗaya. Mu kuwa ba mu da wannan sharaɗi, amma mun ɗanɗani rashinsa.

A 2015 Majalisar Tarayya ta gama gyaran tsarin mulki bayan shekaru ana zagaye ƙasa ana jin ra'ayin jama'a, jihohi sun amince, sai aka haɗa komai a ƙudiri guda aka kai wa Shugaba Goodluck Jonathan. A watan Afrilu ya ƙi sa hannu. Cikin abin da bai yarda da shi ba akwai cire hannun shugaban ƙasa daga gyaran tsarin mulki, da raba kujerar ministan shari'a da ta babban lauyan ƙasa. Shi ke nan fa, wake ɗaya ya ɓata gari. Har gyaran da ba wanda ke jayayya a kai ya bi ruwa.

Majalisar Saraki da Dogara ta koyi darasi. A 2017 ta rarraba gyare-gyaren, kowane da ƙudirinsa. Wasu sun faɗi, wasu sun wuce. Cikin waɗanda suka wuce har da na rage shekarun takara, wanda Buhari ya sa wa hannu ranar 31 ga Mayu 2018: shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35, majalisar wakilai da ta jiha daga 30 zuwa 25. Ni da ban kai talatin ba, yau ina iya neman kujera a majalisar dokoki ta Birnin Kebbi. Da an ɗaure shi da batun raba iko tsakanin tarayya da jihohi, wanda majalisar dattawa ta kayar a lokacin, da tare za su tafi.

To amma kar in yi maku daɗin baki. Rarrabawa na sa abu ya tsaya tsirara. A Maris 2022 an kayar da ƙudirorin da suka shafi wakilcin mata ɗaya bayan ɗaya. Duk da haka ni na fi son hakan, don ba wanda zai dawo mazaɓa ya ce mana dole ce ta sa shi.

Har yanzu dai ana cushen. Dokar kuɗi ta 2019, wadda ta ɗaga harajin kayan masarufi daga kashi 5 zuwa 7.5, dokokin haraji da dama ta gyara a zama ɗaya. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.