Kana Yi Wa Motarka Juye, Amma Yaushe Rabonka Da Man Giya?

Ranar da ka sayi motarka ta farko, hoton makulli a tafin hannu ka fara ɗorawa a Instagram, abokai suka yi ta zubo "Allah ya sa a kashe lafiya". Daga nan ka koyi abin da kowa ya sani: lokaci ya yi, ka kai ta gareji a yi juye, a canza baƙin mai da filta. Madalla. To amma akwai wani mai a cikin motar nan da wataƙila tun da ta baro Amurka ko Turai ba wanda ya leƙa shi, wato man giya. Idan kuma jif ce mai ja da ƙafa huɗu, akwai na biyu, na cikin ɗan akwatin da kanikawa ke kira taransifa. Su biyun nan ba sa yin ƙorafi da wuri. Ranar da suka yi magana kuwa, Kofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja za ka nufa neman giyabos, kuma kuɗinsa ya isa ya sa ka jingine motar wata da watanni. In da ita kake haya kana biyan balas, ka san me hakan ke nufi.

Aikin da man yake yi

A mota mai giyar hannu, aikin man giya shi ne ya hana ƙarafa cin juna. A otomatik abin ya wuce haka. Babu kulocin da kake takawa, saboda haka man ne ke ɗaukar ƙarfin inji ya miƙa wa giyabos ta cikin wani kasko da ake kira konbata. Shi ne kuma famfo ke matsawa ya bi ta ƙananan hanyoyi ya danne kuloci na ciki, giya ta canza daga ɗaya zuwa biyu ba tare da ka sani ba. Shi ke shafe haƙora, shi ke kwashe zafi ya kai wajen lagireto a huce. Aiki huɗu ke nan a kan mai ɗaya.

Babban abokin gabarsa zafi ne. Giyabos ya fi son aiki a wajen digiri 80 zuwa 90 a ma'aunin Salshiyos. Duk lokacin da ya daɗe sama da haka, man na ƙonewa a hankali, santsinsa na raguwa. Yanzu ka tuna rayuwar motarka: zafin Afrilu, cunkoson da za ka yi awa guda kana matsawa taku-taku, lodin mutane da buhuna ranar biki, ga ƙurar hunturu. Littafin da ke zuwa da mota yana da jadawali biyu, na tuƙin yau da kullum da na tuƙin wahala. Mu nan, na biyun ne namu.

"Ai ba a canzawa"

Wannan maganar za ka ji ta a gareji, za ka gan ta a Facebook, har da masu rantsuwa. Tana da tushe biyu.

Na farko, wasu kamfanoni sun rubuta cewa man na tsawon rayuwar giyabos ne, har suka daina saka sandar awo. Sai dai tsawon rayuwar da kamfani ke lissafawa daban, wanda kai kake fata daban. Motar da ta shigo hannunka ta riga ta yi shekara 10 ko 15 a hannun wani. Ka duba lambar da ke kan allonta da kyau: in daga Amurka ta zo, da mil take ƙirgawa, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wato in ka ga 120,000, ta ci kilomita kusan 193,000 ke nan.

Na biyu, labarin "wane ya canza, bayan sati giyarsa ta mutu". Yana faruwa, amma ka bi labarin daga farko. Yawanci mutum ba ya tuna man sai giya ta fara fizga ko suɓucewa. A lokacin kulocin ciki ya riga ya cinye, garinsa da ya gauraya da tsohon man ne ke ɗan riƙe shi. Da aka zubar, sai ciwon ya fito fili. Sabon mai bai kashe giyar ba, jinkiri ne ya kashe ta. Ko kuma an zuba wanda ba nata ba, kuma wannan ya fi yawa.

Ja ba shi ne shaida ba

Kada wani ya ce maka "duk ja ne, zuba kawai". Jan nan rini ne, don a bambanta shi da baƙin mai in yana yoyo. Kowane giyabos da irin man da aka ƙera shi a kai. Tsofaffin Toyota da yawa T-IV suke sha, na baya-baya kuma WS. Honda tana da DW-1, wanda ya maye gurbin Z1. Dexron na General Motors ne, Mercon na Ford. Sannan ga giyar CVT, mai aiki da bel ɗin ƙarfe maimakon haƙora, wadda ke cikin Nissan da yawa da sababbin Corolla da Civic. Ita nata daban ne gaba ɗaya: NS-2 ko NS-3 a Nissan, HCF-2 a Honda. Ka zuba mata man otomatik na gama-gari, ka fara ban kwana da ita.

Sunan man yana cikin littafin motar, a wasu kuma an rubuta shi a jikin sandar awo. Littafi ya ɓace? Ka nema a intanet da sunan motar da shekararta da girman injin, datar da za ka kashe ba ta kai ta bidiyo biyu ba. Ka sayo man da kanka a shagon da aka sani, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka. Jabu ya cika kasuwa, kuma araha ba ta ado.

Yadda za ka duba

In motarka na da sanda, ka ɗan zaga da ita ta ɗau zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, ka taka birki ka bi da giya kowane harafi, ka dawo P. Yawancin motoci ana dubawa inji na aiki. Honda da yawa kuma sai an kashe, a duba nan take. Ka goge sandar da farin ƙyalle, ka mayar, ka sake zarowa.

Ja ko ja mai ɗan duhu, lafiya. Ruwan ƙasa, lokaci ya yi. Baƙi mai warin ƙonewa, ka nemi gwani kafin a taɓa komai. In kuwa ya koma kamar madara da aka zuba wa zobo, ruwa ne ya shiga, galibi ta lagireto. Kada ka ƙara tuƙa ta, a ɗauko ta. Ƙarancin mai matsala ne, yawansa ma haka, domin yana kumfa, kuma kumfa ba ta danna kuloci.

Marar sanda ana auna ta ne ta wani noti a ƙasa, a wani zafi na musamman da ake karantawa da kwamfuta. Wannan ba aikin kintace ba ne. Ka tambayi bakaniken kai tsaye: "Oga, a wane zafi kake aunawa?" In ya yi dariya ya ce ido ya isa, ka yi masa godiya ka ƙara gaba.

Game da lokaci, littafin motarka ne alƙali, amma a tuƙi irin namu tsakanin kilomita 50,000 zuwa 60,000 ma'auni ne mai kyau. Ka kuma sani, in an kwance noti an tsiyaye, lita 3 zuwa 4 kawai ke fita, sauran na maƙale a konbata da bututu. Shi ya sa in man ya tsufa ake canzawa, a yi tafiya kwana biyu, a sake. Hakan ya fi wa tsohuwar giya sauƙi a kan a tura mata mai da ƙarfin na'ura lokaci guda.

Ɗan akwatin da aka manta

Mai Hilux, Prado, Highlander, RAV4 ko RX mai ja da ƙafa huɗu, wannan naka ne. Taransifa ita ke raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya. Man cikinta kaɗan ne, daga ƙasa da lita ɗaya zuwa kamar biyu, don haka ɗan yoyon da kake rainawa na iya busar da ita. Toyota da yawa mai kauri suke so a nan, irin 75W-90 ko 75W-85, wasu motocin Amurka kuma man otomatik. Nan ma littafi za a bi.

Abu uku za ka riƙe. A fara kwance notin zubawa na sama kafin na tsiyayewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na saman ya ƙi buɗuwa. In damina ta sa ka ratsa ruwa mai zurfi, a duba man taransifa da na aksil, domin ƙarfe mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana iya zuƙo shi ta ƙofar numfashi. Sannan irin su Hilux da kai ke saka wa 4H da hannu, kada ka bar ta a haka kan busasshiyar kwalta, ƙarafan na murɗe juna a kwana. A hanyar burji ko yashi ake sakawa, kuma yana da kyau ka ɗan motsa ta duk wata don mai ya zagaya.

Halayen da ke rage mata kwana

Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wasu sun koyi jefa giya a N a gangara wai don tattali. Injin zamani da kansa yake yanke mai in ka ɗaga ƙafa daga totur giya na ciki, a N kuwa sai ya ci gaba da sha don kada ya mutu. Ba ka rage komai ba, ka dai rage ikonka a kan motar. Haka jefa D alhali tana ja da baya, ka tsaya cak tukuna. In ta mutu a hanya, kada a ja ta da igiya tafiya mai nisa, domin inji a kashe famfon giya ma a kashe yake, ƙarafa na juyawa ba mai.

Asabar ɗin nan, kafin ka kai ta wanki, ka buɗe bonet ka zaro sandar. Ka ɗauki hoton ƙyallen da na lambar kilomita, ka ajiye a wayarka da kwanan wata. Ranar da za ka sayar da motar ma, wannan hoton zai yi maka magana.